Ɗana ɗan shekara biyar ba ya zama wuri guda: in kai shi firamare mai bin tsohon tsari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya cika shekara biyar, zai shiga ajin share fage a zangon da ke tafe. Ban da makarantar da aka saba kai yara, hukumar ilimi tana da wani shiri na zaɓi mai bin tsohon tsarin koyarwa: yunifom, tebura a jere suna kallon allo, malami a gaba, hadda, shifta, aikin gida kullum, ga dokoki masu tsauri. Sakamakon jarrabawarsu ya fi na sauran makarantu. Maigidana ya dage a kai shi can, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kuma gabana na faɗuwa, don yaron akwai ƙiriniya, ba ya iya zama wuri guda. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya sa masa albarka.

Ke da maigidan naki kowa ya kama wani ɓangare na gaskiya, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Irin wannan makaranta abubuwa biyu take haɗawa ta miƙa wa iyaye tare. Na farko shi ne yadda ake koyarwa: darasi na bin darasi a jere, malami ya bayyana, yara su gwada a gabansa, a gyara musu nan take, a yi ta maimaitawa har ya zauna. Na biyu shi ne abin da ido ke fara gani: yunifom, tafiya a layi, tsit a aji, tarin aikin gida, hukunci. Na farkon yana da hujja mai ƙarfi, kuma ina goyon bayansa ba tare da kwana-kwana ba. Na biyun kuwa yawancinsa ado ne, wani sashensa ma yana iya cutar da ɗan shekara biyar in an wuce gona da iri. Kafin ki sa hannu a kowace takarda, sai kin gano wanne ne ya rinjaya a wannan makarantar da kuke magana a kai, domin suna ɗaya suke amsawa amma abin da ke cikin ajin ya sha bamban daga wuri zuwa wuri.

Ƙorafin iyaye ne ya haifi waɗannan shirye-shirye. A Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, an yi yayin aji marar shinge, inda yara ke zaɓar abin da za su yi, malami ya koma mai sa ido. Wasu iyaye suka ga 'ya'yansu na hawa aji bayan aji ba su iya haɗa baƙi ba, suka matsa wa hukumomin ilimi lamba a buɗe musu makarantun da za su koma ga karatu da rubutu da lissafi. Ta haka aka samu makarantar John Marshall a Pasadena ta jihar Kalifoniya a 1973, da ta Benjamin Franklin a Mesa ta jihar Arizona a 1978. A Kanada ma akwai shirin Cogito a Edmonton da Traditional Learning Centre a Calgary, duka a cikin makarantun gwamnati. Iyaye masu naci ne suka kafa su tun asali, kuma har yau iyaye masu naci ne ke cika su. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo kan maganar sakamakon jarrabawa.

Babbar hujjar masu wannan tsari ita ce wani gagarumin gwaji da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, Project Follow Through, wanda aka soma a ƙarshen shekarun 1960, aka fitar da babban rahotonsa a 1977. An gwada hanyoyin koyarwa wajen ashirin a kan dubban yara 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, daga ajin share fage zuwa aji uku. Wadda ta zo kan gaba ita ce ta Siegfried Engelmann da abokan aikinsa na Jami'ar Oregon, mai suna Direct Instruction, koyarwa kai tsaye: an tsara kowane darasi mataki-mataki, yara na amsawa tare da babbar murya, kuskure kuma ba ya kwana ba a gyara shi ba. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne yaran ba a lissafi da rubutu kaɗai suka yi fice ba. Har a ma'aunin yarda da kai sun wuce yaran da aka koyar ta hanyoyin da aka gina musamman don ƙarfafa musu gwiwa. Ni kam ban ga abin mamaki a nan ba. Yaron da ya ji bakinsa ya karanta jimla cikakkiya ba tare da an taya shi ba, ba ya bukatar wani ya zo ya ce masa shi gwani ne.

Masu sukar gwajin sun nuna wani abu da ya shafe ki kai tsaye. Bambancin da aka samu tsakanin wurare biyu masu bin hanya ɗaya sau da yawa ya fi bambancin da ke tsakanin hanya da hanya. Wato manhaja mai kyau a hannun malamin da bai iya ba, ba za ta tsinana komai ba. Sunan shirin ba shi zai koyar da ɗanki ba, mutum ne zai tsaya a gabansa daga safe zuwa tashi.

Dalilin da ya sa koyarwa kai tsaye ke yi wa sabon shiga aiki ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta iya juya sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda. Kamar huɗu ne, ga babba ma ke nan, balle yaro. John Sweller na Ostireliya ya daɗe yana bincike a kan wannan tun shekarun 1980. Abin da mutum ya riga ya haddace ya zauna masa ba ya cin wannan ɗan fili. Yaron da ya san bakwai da uku goma ne ba tare da ƙirga yatsu ba, hankalinsa zai tafi kan abin da tambayar ke nema. Wanda bai sani ba zai ƙare ƙarfinsa a kan yatsu, kafin ya gama ya manta me ma aka tambaye shi. Don haka kada kalmar hadda ta ba ki tsoro. Abin tsoro shi ne haddar da ba ta da fahimta a ƙarƙashinta. Gwajin mai sauƙi ne: yaron da ya rera miki uku sau huɗu sha biyu, ba shi maɓallai ki ce ya nuna miki. In ya jera kashi uku kowanne da huɗu, an koyar da shi. In ya tsaya yana kallonki, waƙa aka koya masa.

Inda wannan tsari ya fi yi wa sauran fintinkau shi ne koyar da karatu. Waɗannan makarantu ba su taɓa barin hanyar sautin haruffa ba: a koya wa yaro sautin kowane harafi da na haruffan da ke haɗuwa, ya haɗa baƙi ya fitar da kalma. Da yawansu na bin hanyar Spalding, wadda Romalda Spalding ta tsara a shekarun 1950, inda yaro ke furta sauti yana rubuta shi a lokaci guda. A wasu makarantun kuwa an daɗe ana koya wa yara su kalli hoto ko harafin farko su cinka kalmar. A 2000 kwamitin ƙasa na binciken karatu a Amurka ya tabbatar da cewa koyar da sautin haruffa a tsare ya fi amfani, musamman in an fara shi a ajin share fage ko aji ɗaya. Ingila ta bi wannan hanya bayan rahoton Jim Rose na 2006, ta kuma kawo gwajin kalmomi 40 ga yaran aji ɗaya a 2012, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana don a gane mai haɗa baƙi da mai cinka. A shekarar farko kashi 58 cikin ɗari ne suka kai mizani. A 2019 sun kai kashi 82. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harshe kamar Ingilishi, mai haruffa 26 da sautuka wajen 44.

Amma haɗa baƙi rabin karatu ne. Ɗaya rabin shi ne yaro ya fahimci abin da ya karanta, wannan kuma ya dogara da abin da ya sani game da duniya. A 1988 wasu masu bincike biyu, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba ɗalibai labarin wasan besbol su karanta. Yaran da ba su da ƙarfi a karatu amma sun san wasan sun fi fahimtar labarin a kan gwanayen karatu da ba su san shi ba. A kan irin wannan tunani E. D. Hirsch ya kafa gidauniyar Core Knowledge a 1986, da manhajar da ta jera abin da yaro zai koya a tarihi da kimiyya da labarin ƙasa da adabi aji bayan aji. A 2023 masu bincike daga Jami'ar Virginia, ƙarƙashin David Grissmer, sun fitar da sakamakon bin diddigin yaran da suka nemi shiga makarantu tara masu bin wannan manhaja a jihar Colorado. Da yake ƙuri'a aka jefa wajen ɗauka, sun iya kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa ba, suka kuma samu cewa masu shiga sun yi gaba sosai a karatu a azuzuwan gaba. Saboda haka ki tambayi makarantar: ban da karatu da lissafi, me ɗana zai sani game da tsirrai, taurari, jikin mutum da mutanen da suka gabata kafin ƙarshen shekara? Shirin da ya cika yini da takardun cike gurbi ya kori labari da kimiyya da zane da waƙa, ya ɗauki ɓawon tsarin ya bar ƙwayar.

Yanzu ga maganar sakamakon jarrabawa da ya burge maigidan. Makarantar zaɓi ba ta karɓar duk wanda ya zo. Wanda ya san da ita, ya cike takarda a kan lokaci, ya yarda zai riƙa kai yaro da ɗauko shi, ya kuma zauna da shi kan aikin gida kowane dare, shi ne ke shiga. 'Ya'yan irin waɗannan iyaye za su yi kyau kusan ko'ina aka kai su. Ƙari a kan haka, wasu shirye-shiryen na iya mayar da yaro makarantarsa ta asali in ya kasa bin doka ko iyayensa sun kasa cika sharuɗɗa. A gundumar Pinellas ta jihar Florida, misali, halartar taron iyaye wajibi ne, kuma saɓa ƙa'idoji na iya jawo a sallami ɗalibi daga shirin. Makarantar da ke tace masu shiga, masu rauni kuma suna fita a hanya, dole makinta ya yi kyau. Wannan bai nuna ba ta iya koyarwa ba, amma bai tabbatar da ta iya ba. Tambayoyi biyu za su fi amfanar ki a kan jadawalin maki: cikin yaran da suka fara ajin share fage a nan, nawa ne suka kai aji na ƙarshe? Kuma yaron da ya shigo yana baya, me kuke yi masa, wa ke yi, sau nawa a mako? In aka amsa miki ta biyun da cewa ai iyaye ne za su ƙara ƙoƙari a gida, kin ji amsar da kike nema.

Yunifom ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Yana rage gardamar safe da gasar sutura, amma bincike bai nuna yana ƙara maki ba. Tebura a jere kuma suna taimaka wa yaro mai saurin shagala lokacin da yake aikinsa shi kaɗai, don ba ya fuskantar abokinsa. Ba laifi.

Aikin gida ne ke bukatar a tsaya a kansa, don shi ne ke shiga gidanki. Harris Cooper na Jami'ar Duke ya tattara binciken shekaru da dama a 2006, ya samu cewa alaƙar aikin gida da ci gaban karatu tana da ƙarfi a sakandare, amma a ƙananan azuzuwan firamare ba ta taka kara ta karya ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce minti goma a kowane aji: aji ɗaya minti goma, aji biyu ashirin, haka har sama. Ɗan ajin share fage abin da ya fi masa shi ne a karanta masa littafi, shi ma ya gwada karanta 'yan kalmomin da aka koya masa ranar. In aka ce miki ɗan shekara biyar zai riƙa yin awa guda a kan takarda kowane dare, to ki sani ba don shi ake yi ba, don a gamsar da manya ne. Ki haɗa wannan da barci: yaro ɗan shekara uku zuwa biyar na bukatar awa 10 zuwa 13 a yini, ɗan shida zuwa sha biyu awa 9 zuwa 12. Ki yi lissafi da kanki, lokacin tashi daga makaranta, tsawon hanya, wasa, wanka, aikin gida, kwanciya. In lissafin bai fita ba a takarda, ba zai fita a gida ba, kuma yaron da barci bai ishe shi ba shi ne washegari za a rubuta wa rashin ji.

Sai hutun tara. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2013 cewa bai kamata a hana yaro fita wasa a matsayin hukunci ko don a ƙara lokacin darasi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro daga shekara biyar na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Ga yaro irin naki wannan tambayar ta fi kowace nauyi: sau nawa ake fita a yini, minti nawa, kuma ana hana yaro fita in ya yi laifi? Makarantar da ke hukunta mai ƙiriniya ta hanyar zaunar da shi lokacin da 'yan'uwansa ke guje-guje, ta ɗauke masa maganin ciwon ne ta kuma jira ya warke.

Game da ƙiriniyar tasa, bari in kwantar miki da hankali. Ɗan shekara biyar da ba ya zama wuri guda ba baƙon abu ba ne, haka akasarinsu suke. Kuma a shekarun da na yi ina koyar da ƙananan azuzuwa da horar da malamai, na sha ganin yara masu yawan motsi sun fi samun natsuwa a aji mai tsari a kan aji mai sakin layi. Sun san me zai biyo bayan me, doka ba ta canjawa da yanayin malami, hayaniya ba ta yi yawa ba, darasi gajere ne kuma kowane ɗan lokaci ana neman su amsa da baki ko su ɗaga ƙaramin allo. Koyarwa kai tsaye in an yi ta daidai ba zaman shiru ba ce, aji ne mai rai, ana tambaya ana amsawa da sauri. Wanda ke wahala a tsarin da ya cika tsauri sau da yawa ba mai ƙiriniya ba ne. Yaro ne mai tsoro, mai gudun kuskure, wanda in aka ja masa jan biro a takarda zai kwana yana tunani. Shi ba ya damun kowa, shi ya sa ba a lura da shi sai abin ya yi nisa.

Ki duba watan haihuwarsa ma. A 2018 masu bincike daga Harvard sun duba bayanan yara sama da 400,000 a Amurka. A jihohin da ake yanke shekarar shiga makaranta ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato mafi ƙarancin shekaru a ajinsu, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun shaidar likita ta lalurar rashin natsuwa da ake kira ADHD da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bambancin wata goma sha ɗaya a wannan shekaru ba wasa ba ne. In ɗanki na cikin ƙananan ajin, malamar da ta san aikinta za ta auna shi da shekarunsa. Kuma gaggawa ba ta da riba yadda ake zato: a Finland sai shekara bakwai ake fara firamare, binciken Sebastian Suggate a New Zealand kuma ya nuna yaran da suka fara koyon karatu a bakwai sun cimma waɗanda suka fara a biyar kafin su kai sha ɗaya. Akwai ma wani ƙaramin bincike na gidauniyar binciken ilimi ta High/Scope a jihar Michigan, na yara 68 'yan shekara uku da huɗu, da ya bi su har shekara 23, ya samu waɗanda aka yi wa koyarwa kai tsaye tun a wannan ƙuruciya sun fi faɗawa hannun hukuma. Yaran sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, an kuma yi ta gardama a kan sakamakon, amma ya isa ya tuna mana cewa abin da ya dace da ɗan shekara bakwai ba lallai ya dace da ɗan uku ba. Ɗan biyar yana tsakiya: yana bukatar darasi mai tsari a gajerun zama, da wasa mai yawa a tsakaninsu.

Ki gaya wa maigidan karin maganarsa gaskiya ce, sai dai ya ƙarasa ta: ɗanyen icce a hankali ake tanƙwara shi, in an fizge shi tsagewa yake yi. Diana Baumrind, wadda ta yi bincike a kan tarbiyya tun shekarun 1960, ta bambanta tsakanin mai doka da sanyin hali da mai doka da tsawa. Dukansu suna da ƙa'ida, amma 'ya'yan na farkon ne suka fi kyau. Haka abin yake a aji.

Saboda haka ku je ku biyu, gani ya kori ji. Kada ku tsaya a taron da ake shirya wa iyaye da yamma, inda komai ke ƙyalli. Ku nemi izinin zama a bayan ajin share fage a ranar karatu, ko na rabin awa ne. Ki kalli abin da ke faruwa in yaro ya ba da amsa ba daidai ba. Malamar kirki za ta faɗi daidai ɗin cikin sauƙi, ta sa shi ya maimaita, ta wuce, ta sake dawo masa da tambayar bayan ɗan lokaci ya amsa daidai a gaban kowa. Fuskarta ba za ta canja ba. Ki lura yara nawa ke amsawa. In hannaye uku ne kullum a sama, sauran 'yan kallo ne. Barak Rosenshine, wanda ya tattara halayen ƙwararrun malamai, ya ce a aji mai kyau yara na samun kusan kashi 80 cikin ɗari na amsoshinsu daidai yayin gwaji a gaban malami, wato darasin bai fi ƙarfinsu ba kuma bai yi musu arha ba. Ki duba agogo ki ga minti nawa suke yi a zaune kafin a motsa su. In ya wuce kamar kwata na awa ba canji, ya yi musu yawa. Ki saurari shirun ajin ma. Shirun yaran da aiki ya ɗauke wa hankali daban yake da na yaran da ke tsoro, kuma uwa ba ta bukatar a koya mata bambancin. Ki kalli ko akwai jadawalin ɗa'a a bango da ke tallata sunan mai laifi ga duk wanda ya shigo. Ki ƙirga kawuna: gwajin STAR na jihar Tennessee, da aka fara a 1985, ya nuna azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 sun fi masu 22 zuwa 25 a shekarun farko, kuma shirye-shiryen da ake rububi kansu sukan cika maƙil.

Ku karɓi littafin dokokin makarantar ku karanta shi a gida a natse, tun daga hukuncin makara har zuwa matakan sallama. Ku tambaya ƙarara ko ana duka ko hukuncin da ya shafi jiki, a kuma nuna muku amsar a rubuce. Ku tambayi wane tanadi ake yi wa yaron da aka gano yana da matsalar karatu irin ta disileksiya ko jinkirin magana, da kuma yaron da ya riga ya iya karatu kafin ya zo, tunda koyar da aji gaba ɗaya a kan taki ɗaya yakan bar na baya ya kuma gundiri na gaba. Makarantu masu kyau na raba yara ƙungiya-ƙungiya a darasin karatu da lissafi, suna kuma sake rabon lokaci-lokaci. In za ki samu iyayen da suka cire ɗansu daga shirin, ki saurare su fiye da waɗanda makarantar za ta haɗa ki da su.

Ki kuma san cewa ba yaron kaɗai ake ɗauka ba, har da ku. Sa hannu a littafin aikin gida kullum, taron iyaye, wani lokaci aikin sa kai, ga zirga-zirga in babu motar makaranta. Tunda maigidan ne ya fi ɗokin abin, ku yanke tun yanzu wa zai zauna da yaron da dare, wa zai je taro. Abokan wasansa ma za su iya kasancewa nesa da gida, sai kun yi da gaske kafin ya samu na kusa.

Wajen neman gurbi, a fara da wuri. Yawancin irin waɗannan shirye-shirye na buɗe rajista watanni kafin zango, in masu nema sun fi gurbi a jefa ƙuri'a, sauran su shiga jerin jira. Galibi ana fifita ƙannen waɗanda ke ciki. Wasu na yi wa yaro ɗan gwajin shiri. Kada ki yi masa bita ta dole saboda shi, ki bari su ga yaron yadda yake. Abin da zai fi taimaka masa kafin ranar farko shi ne ya iya bin umarni mai mataki biyu, ya jira layinsa, ya shiga bayan gida da kansa, ya riƙe fensir, ya saurari labari har ƙarshe, a kuma daidaita masa lokacin kwanciya tun makonni kafin a buɗe.

In ya shiga, ki ba shi kamar mako shida zuwa takwas. Gajiya da rigimar yamma a makonnin farko ba komai ba ne, kowace makaranta aka kai shi zai yi. Abin da zai sa ki nemi ganin malama ba tare da jiran ƙarshen zango ba shi ne ciwon ciki kowace safiyar makaranta da ke ɓacewa ranar hutu, komawa fitsarin kwance bayan ya daina, yaga takarda in ya yi kuskure, ko ya fara cewa shi daƙiƙi ne ko mugun yaro. In kun zauna da ita kun gwada gyara har zango ya ƙare abin bai sauya ba, ku cire shi, babu abin kunya a ciki.

Shawarata a taƙaice ga halin da kike ciki: ki cike takardar neman gurbin bana ko da ba ki gama yanke hukunci ba, tunda neman ba ya ɗaure ki. Shiga irin wannan shiri ya fi sauƙi a ajin share fage, domin manhajar na hawa kan juna, gurbi kuma ba ya cika samuwa a aji biyu ko uku; fita kuwa ba ta da wuya, kuma yaron da ya fito ya iya haɗa baƙi ba zai sha wahala a wani wuri ba. Sai dai ki tabbatar daga hukumar ilimi, a rubuce, cewa in kun janye a tsakiyar shekara yana da gurbi a makarantarsa ta asali, da kuma ranar ƙarshe da za ku iya karɓa ko ƙin gurbin in ƙuri'a ta faɗa masa. Ziyarar ajin ta zo kafin wannan rana.